Walimar Bayan Mota

A ƙasar Amurka, in kaka ta shigo, watau daga ƙarshen watan Agusta zuwa farkon Disamba, kowace Asabar ranar biki ce a garuruwan da ke da manyan jami'o'i. Samarin wata jami'a su kan kara da na wata a wani wasan ƙwallo irin nasu, jama'a kuwa su kan taso daga nesa, waɗansu tun ran Laraba ko Alhamis, su kafa sansani kewaye da filin wasan, su yi ta gashin nama da ci da sha da hira har ranar karawa ta zo. A kan wannan al'ada ne wani ɗan jarida, Warren St. John, ya rubuta littafi da Turanci, aka buga shi cikin 2004. Sunan littafin Rammer Jammer Yellow Hammer, an ɗauko shi daga wani kirari na tsokana da magoya bayan Jami'ar Alabama ke yi wa abokan karawarsu in sun ka da su. Littafin nan za mu ɗora a ma'auni, mu ga abin da ya kamo da abin da ya kuɓuce masa.

Kafin mu shiga, ya kamata mai karatu ya san wasan da a ke magana, gama ya bambanta da ƙwallon ƙafar da ya saba gani, ko da ya ke su ma da wannan suna su ke kiransa. Ƙwallon dogo ne mai tsini gaba da baya, da hannu a ke ɗaukarsa a ruga, ko a jefa wa ɗan'uwa. Kowane gefe mutum 11 ne, filin kuwa yadi 100 ne tsakanin gida da gida. A kan ba masu riƙe da ƙwallo dama 4 su ci yadi 10. In sun ci a sake ba su 4, in sun kasa ƙwallo ya koma hannun abokan gaba. Wanda ya kai shi gidan abokan gaba ya sami maki 6. Aikin ɗaya gefen shi ne su cafke mai ƙwallo su maka shi da ƙasa, saboda haka wasan rabinsa tsere ne rabinsa kokawa, kowa da hular kwano a ka da sulke a kafaɗa. Minti 60 ne a ƙa'ida, amma da tsaye-tsaye ya kan wuce awa 3. An fara shi tsakanin jami'o'i ran 6 ga Nuwamba 1869, sa'ad da Rutgers ta kara da Princeton, ko da ya ke a wancan zamani ya fi kama da ƙwallon ƙafa na Ingila.

Ita kuwa walimar, sunanta na Turanci ya samo asali daga ƙofar bayan mota, wadda a ke saukewa ta kwanta kamar tebur, irin ta a-kori-kura. Mutum ya tsai da motarsa a filin ajiye motoci, ya sauke ƙofar, ya jera abinci a kai, ya hura gawayi, shi ke nan walima ta kankama. Da abu ya yi nisa sai aka shiga kafa rumfuna, ana zuwa da kujeru da akwatin talabijin da injin wuta. Masu hali kuwa suka sayi motoci masu ɗaki, da gado da madafa da makewayi duk a ciki, waɗansunsu sun kai bas girma, kuɗinsu ya fi na gidan zama. Ba za mu ɓoye wa mai karatu ba, naman alade da giya suna da babban rabo a wannan walima, musamman a jihohin kudu. Mutanen motoci masu ɗaki su ne St. John ya bi.

Shi marubucin haifaffen Bamingam ne, a jihar Alabama, da son ƙungiyar ya buɗe ido. Yana yaro ya sami ganawa da Paul Bryant, wanda ya horad da ƙungiyar daga 1958 zuwa 1982, ya ci mata kambun ƙasa sau 6, mutanen jihar kuwa suka ɗauke shi kamar sarki. Daga baya St. John ya tafi Niyu Yok karatu a Jami'ar Kolambiya, ya tarar da ƙungiyarta tana cikin shan kaye wanda ya kai sau 44 a jere, daga 1983 zuwa 1988. A can, tsakanin mutanen da ba ruwansu da Alabama, wata tambaya ta fara damunsa. Me ya sa mutum mai hankali, mai ilmi, zai kwana da baƙin ciki domin waɗansu samari da ba su san da zamansa a duniya ba sun kasa kai ƙwallo gida? Cikin 1999 ya ajiye aikinsa ya koma kudu neman amsa. Da fari ya raɓu a motar waɗansu ma'aurata, sa'an nan ya sayi tasa, wata tsohuwa mai shan mai kamar ruwa, ya bi ayari daga wasa zuwa wasa har ƙarshen shekara.

Ya yi sa'ar shekara, gama wanda ya ƙaga labari ma da wuya ya shirya wadda ta fi ta. Tun kafin a fara, mai horarwa na lokacin, Mike DuBose, ya shiga wani abin kunya da ya kusa raba shi da aikinsa. Ba a jima ba wata ƙaramar jami'a ta Luwiziyana ta ka da su da maki 29 da 28 ana gab da tashi, jama'a suka ce ta ƙare. Mako biyu bayan wannan suka je har gidan Fulorida suka ci ta 40 da 39. Suka sake cin ta 34 da 7 a Atlanta, suka zama zakarun jami'o'in kudu maso gabas. Sa'an nan ran 1 ga Janairu 2000, a Mayami, Mishigan ta ka da su 35 da 34, domin bugu ɗaya tak da ya kauce. Duk wannan hawa da sauka marubucin ya ba da shi yadda ko wanda bai taɓa ganin wasan ba zai ji gabansa na faɗuwa.

Amma ƙarfin littafin a mutanensa ya ke. Akwai wani mutum da matarsa da suka ƙi halartar ɗaurin auren 'yarsu domin ya zo daidai da ranar wasa, sai liyafar bayan aure suka tarar. Akwai wani mai ciwon zuciya da ke jiran a yi masa dashen wata, an gargaɗe shi kada ya yi nisa da asibiti, amma ya ci gaba da zuwa kallo. Akwai limamin coci da ke ajiye akwatin talabijin kusa da shi yana ɗaura aure yana satar kallo. Akwai dillalin tikiti, wanda cinikinsa ke hawa in ƙungiya ta ci, ya faɗi in ta sha kaye. Wani marubuci da sai ya mai da waɗannan mutane abin dariya, ya tsaya daga nesa yana nuna su da baki. St. John bai iya haka ba, domin ciwon da ke damunsu shi ke damunsa, kuma bai ɓoye ba. Ya ci abincinsu, ya kwana a sansaninsu, ya yi ihu tare da su, saboda haka suka saki jiki suka faɗa masa abin da ba za su faɗa wa baƙo ba. Ya kuma leƙa abin da masana suka rubuta a kan halin taro, ya kawo shi da sauƙi, bai cika mai karatu da shi ba.

Amsar da ke fitowa daga shafi zuwa shafi ita ce zumunci. Amurka ƙasa ce da aiki ke warwatsa dangi, ɗa a gabas, 'ya a yamma, maƙwabci bai san sunan maƙwabcinsa ba. To, ga wani wuri inda duk wanda ya sa jar riga ta Alabama ɗan gida ne. Lauya ya zauna da makaniki, a miƙa wa wanda ba a sani ba kwano, in injin wani ya ƙi tashi mutum biyar su taso da sifana. Motocin da suka yi maƙwabtaka bara su za su yi bana, har a san jikokin juna, a yi ta'aziyyar juna. Zumunta a ƙafa ta ke, su kuwa tasu a taya. Wannan babu shakka abin kirki ne, kuma littafin ya nuna shi yadda ya kamata. Sai dai a nan ma muna da ja. Zumuncin da zai sa uba ya bar 'yarsa ran aurenta ya tafi wajen abokan kallo, zumunci ne da ya ci wani zumunci ya ƙoshi. Marubucin ya ba da labarin da murmushi, mu kuwa da muka karanta 'yar muka riƙa tunawa.

Wanda bai san tarihin jihar ba zai yi mamakin yadda abin ya kai haka. Alabama tana cikin jihohin kudu da aka ci da yaƙi a basasar 1861 zuwa 1865, ta daɗe cikin talauci, mutanen arewa suna raina ta. Ran 1 ga Janairu 1926 ƙungiyar jami'arta ta je har Kalifoniya ta ka da Washington da maki 20 da 19, kudu gaba ɗaya ta ɗauki wannan nasara tata ce. Tun daga ran nan wasan ya zama wurin da jihar ke ɗaga kai. Ga shi kuma ba ta da ƙungiya ko ɗaya a babbar gasar ƙwararru, saboda haka duk so ya taru a kan jami'o'i biyu, Alabama da Auburn, har da son waɗanda ba su taɓa shiga ajinsu ba. Filin wasa na Taskalusa, garin da jami'ar ta ke, yana ɗaukar mutum 100,000 da ɗoriya, kusan yawan mutanen garin ke nan da aka ƙidaya cikin 2020.

Sai batun tafiya. Littafin labarin tafiya ne, kuma waɗanda ke cikinsa sun ɗauki abin da su ke yi yawon shaƙatawa. An ce tafiya mabuɗin ilmi, amma irin wannan tafiya ba ta buɗe kome sai ƙofar bayan mota. Mutum ya kori mota ɗaruruwan mil, ya ratsa jihohi, ya sauka a wani fili mai kwalta, ya tarar da mutanen da ya rabu da su makon jiya, ya ci abincin da ya ci makon jiya, ya kwana a gadonsa na kullum, ran Lahadi ya juya. Ya je gari bai shiga gari ba. Wannan hali ya shafi littafin kansa, gama in mai karatu ya rufe shi zai tuna fuskoki da yawa, garuruwa kuwa kusan duk ɗaya ne a idonsa. Ba za mu ɗora wa marubucin laifin wannan duka ba, abin da ya gani ya faɗa.

Baƙon da ya sami kansa a Amurka da kaka, yana son ganin al'adar da idonsa, yana da wuraren da suka fi filin kwalta. A Oksfod ta jihar Misisipi akwai wani kurmi mai eka 10 a tsakiyar jami'a, an hana motoci shiga tun wajen 1991, sai rumfuna a ƙarƙashin itatuwa, mutane da tufafin biki, tebura da furanni. A Noksbil ta Tenesi filin wasa a bakin kogi ya ke, tun 1962 masu kallo suka fara zuwa cikin jiragen ruwa, su ɗaure su jere da juna su yi walimarsu a kan ruwa. Haka kuma a ke yi a tafkin da ke gefen Jami'ar Washington a Siyatil. Ba a biyan kome kafin a ratsa sansani, tikitin shiga fili ne mai tsada, masauki kuma ya kan yi wuya a ƙaramin gari ran wasa.

Akwai kuma fuskar al'adar da ba ta da daɗin gani. Taron da a ke yi a Jaksonbil in Fulorida za ta kara da Jojiya ya yi suna da shan giya har aka laƙaba masa suna a kan haka, sai cikin 2006 shugabannin jami'o'in suka nemi a daina kiransa da shi, bayan mutuwar waɗansu ɗalibai a shekarun da suka gabata. A ƙarshen 2010 wani magoyin bayan Alabama ya zuba guba a gindin waɗansu tsofaffin itatuwa biyu da mutanen Auburn ke taruwa ƙarƙashinsu in sun yi nasara, ya kuma buga waya gidan rediyo ya yi alfahari da abin da ya aikata. Kotu ta ɗaure shi, itatuwan kuwa aka sare su cikin 2013. Wannan ya faru bayan an buga littafin, amma wanda ya karanta shi da lura ba zai yi mamaki ba, gama son da ya kai mutum ga wasa da ransa zai iya kai wani ga ɓarna.

Yanzu mun zo kan babban giɓin littafin. Duk wannan biki, da hayaƙin nama da motoci masu ɗaki, a kan wuyan wa aka kafa shi? A kan samari 'yan shekara 18 zuwa 22 da ke cikin fili suna gwabza kai da kai. Littafin na 'yan kallo ne, 'yan wasa daga nesa a ke hango su, kamar yadda mai zaune a saman benci ke hango su, lamba a baya da hula a ka. Wani zai ce ai marubucin bai yi alkawarin ba da labarinsu ba. Gaskiya ne. Amma wanda ya tashi neman dalilin so, ya kamata ya tambayi abin da son ke jawo wa wanda a ke so.

Ga abin da ya kamata mai karatu ya riƙe a ransa yana karatu. A 1999 doka ta hana a biya ɗan wasan jami'a ko kwabo. Abin da a ke ba shi kuɗin makaranta ne da ɗaki da abinci da littattafai, alhali jami'a tana karɓar miliyoyin daloli daga tikiti da gidajen talabijin, masu horarwa kuwa albashinsu sai hawa ya ke yi, har Nick Saban, wanda ya riƙe Alabama daga 2007 zuwa farkon 2024, ya kai fiye da dala miliyan 11 a shekara. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Bugun kuwa na gaske ne. Cikin 2017 masana a Jami'ar Boston suka ba da sakamakon binciken ƙwaƙwalwar 'yan wasa da suka mutu, suka sami cutar da yawan gwabza kai ke kawowa a 48 daga cikin 53 na waɗanda suka tsaya a wasan jami'a. Lalle iyalan da suka ga alamar ciwo su suka fi ba da ƙwaƙwalen, saboda haka lissafin ba na kowa da kowa ba ne, amma ya isa ya sa mai ihu ya ɗan sassauta murya. Waɗanda ke samun shiga gasar ƙwararru, inda kuɗi ya ke, ba su kai 2 cikin 100 ba.

A Alabama maganar tana da wani nauyi na dabam. Ran 11 ga Yuni 1963 gwamnan jihar, George Wallace, ya tsaya da kansa a ƙofar wani zaure na wannan jami'a domin ya hana ɗalibai biyu baƙar fata, Vivian Malone da James Hood, yin rajista. Sai a 1971 baƙar fata na farko, John Mitchell, ya buga wa babbar ƙungiyarta wasa. Bayan shekara 28 kacal, a shekarar da littafin ke ba da labari, tauraron ƙungiyar baƙar fata ne, Shaun Alexander, haka kuma da yawa daga abokan wasansa, masu motoci masu ɗaki kuwa galibinsu farare ne, da yawansu sun yi wayo tun zamanin Wallace. Wannan tazara da ke tsakanin cikin fili da bayan fili ta isa littafi guda, kuma St. John, ɗan jihar da ya san gida ya san waje, yana cikin waɗanda suka fi cancanta su rubuta shi.

Har wa yau, a daidai lokacin da ya ke bin ayari, wani attajiri na Memfis, magoyin bayan Alabama, yana ba wani mai horarwa na makarantar sakandare kuɗi, har dala 150,000, domin ya karkato da wani yaro gwani zuwa jami'ar. Kuɗin yaro aka biya, amma hannun malaminsa ya shiga. Da asiri ya tonu, hukumar wasannin jami'o'i ta hukunta Alabama cikin 2002, ta hana ta wasannin ƙarshen shekara har shekara 2, kotu kuma ta sami attajirin da laifi cikin 2005. Shi ma wannan mutum masoyi ne, son da ya cika filin ajiye motoci shi ya buɗe masa aljihu.

Duk da haka muna shawartar wanda ya iya Turanci ya nemi littafin. Harshensa mai sauƙi ne, ban dariyarsa ba ta cin mutunci, kuma da wuya a sami wani da ya kwatanta zuciyar ɗan kallo kamarsa. Sai dai a karanta shi a kan labarin wani zamani da ya shuɗe, gama kiɗa ya sake. Cikin Yuni 2021 Kotun Ƙoli ta Amurka ta yanke hukunci a kan hukumar wasannin jami'o'i, alƙalai 9 duk bakinsu ɗaya, daga 1 ga Yuli na shekarar kuma aka yarda ɗan wasa ya karɓi kuɗin talla da sunansa da hotonsa. Cikin Yuni 2025 wata kotu a Kalifoniya ta amince da sulhun da ya ba kowace jami'a izinin raba wa 'yan wasanta har wajen dala miliyan 20 da rabi a shekarar farko, da diyyar kusan dala biliyan 2.8 ga waɗanda suka yi wasa a baya. Kuɗin nan kuwa daga wani wuri zai fito. Jami'ar Tenesi ta riga ta nuna inda, gama tun Satumba 2024 ta sanar da masu kallo cewa daga kakar 2025 za ta ƙara kashi 10 cikin 100 a kan kowane tikiti, ta kuma faɗa musu a fili cewa na biyan 'yan wasa ne.